Yadda ake naɗa wakili a ciniki, da wanda ke ɗaukar asara idan ya wuce iyaka

Mai gida a Kano da ke zaune a Legas ko Jidda ya ce wa ƙaninsa ya sayar masa da gidan. Manomi ya tura buhu 200 na riɗi Dawanau wurin dillali. Mai shago a Kantin Kwari ya bar yaronsa yana karɓar kaya daga masu kawowa. Duk su ukun sun naɗa wakili, ko an rubuta ko ba a rubuta ba, kuma duk abin da wakilin ya ƙulla a cikin ikon da aka ba shi ya hau kan mai dukiya kamar shi ya ƙulla da bakinsa. Wannan kowa ya sani. Abin da ya fi kai mutane kotu shi ne iyakar da ka gaya wa wakilinka ku biyu a ɗaki. Ba ta kare ka daga mai sayen da bai ji ta ba, muddin kai ne ka bar shi ya ɗauka wakilin yana da cikakken iko.

Dokar wakilci a Najeriya ba a kundi ɗaya take ba. Yawancinta hukunce-hukuncen kotu ne da aka gada daga Ingila, sai waɗanda Kotun Ƙoli ta ƙara a kai. A kotunan Shari'a kuwa babin wakala na fiƙihun Malikiyya ake bi, kuma a mafi yawan mas'aloli hanyoyin biyu wuri ɗaya suke kaiwa. Sai dai rigimar mallakar filin da gwamna ya ba da takardarsa Babbar Kotun Jiha ce kaɗai ke da hurumin fara sauraronta, bisa sashe na 39 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Saboda haka takardar wakilcin gida ko fili a rubuta ta yadda za ta tsaya a can.

Ka fara raba aikin gida huɗu

"Ka sayar mini" magana ce mai ɗauke da ayyuka huɗu: nemo mai saye, sallamawa a kan farashi, sa hannu a takardar ciniki, da karɓar kuɗi. Kowanne iko ne mai zaman kansa. Dillalin gidaje, a al'adar doka, aikinsa nemo mai saye ne ya kawo maka tayi. Ba ya sallamawa, ba ya karɓar ko kafin alƙalami da sunanka, sai ka ba shi wannan a fili. Dillalin hatsi ko na shanu da ka damƙa wa kaya a hannu kuma lamarinsa daban ne, domin kasuwa ta san shi da sallamawa da karɓar kuɗi, kuma doka na duba al'adar kasuwar da ka kai kayanka. In ba ka son ya sallama sai ya buga maka waya, dole ka faɗa, ka kuma faɗa inda masu saye za su ji.

Wanda zai ba da wakilci shi ma a duba shi. Ba ka ba da ikon da ba ka da shi. Babban wa ba ya wakilta dillali ya sayar da gidan gado don kawai shi ne babba. Kowane magaji rabonsa nasa ne, kuma sai kowanne ya sa hannu, mata da maza, sannan na ƙananan yara ya bi ta hannun waliyyi ko kotu. Ƙanwa ɗaya da ke aure a wani gari, wadda ba a tambaya ba, ta isa ta dawo da cinikin baya.

Rubuta takardar

Wakilcin baki ya inganta a cinikin kaya na yau da kullum. Matsalarsa ranar musu. Ko buhun masara ne, saƙon murya ko rubutu a WhatsApp da ya faɗi kaya da farashi da la'ada ya fi babu nesa. Ga gida da fili kuwa sai takardar wakilci cikakkiya, wadda lauyoyi ke kira power of attorney, kuma dole a yi ta a matsayin takarda mai hatimi, wadda ake kira deed, domin takardar mallakar da wakilin zai sa wa hannu ita ma mai hatimi ce. Tun shari'ar Abina da Farhat a 1938 aka tsayar da wannan: wanda aka wakilta da baki ba ya sa hannu a takarda mai hatimi ta hau kan mai dukiya.

Abin da ya kamata ya fito a ciki: cikakken sunan mai ba da wakilci da na wakili da adireshinsu; dukiyar da lambarta, wato lambar fuloti da ta takardar mallaka da unguwa, ba "gidana na Hotoro" kawai ba; wanne daga cikin ayyukan nan huɗu aka ba shi; mafi ƙarancin farashin da zai sallama; lakadan ne ko an yarda da biya kashi-kashi; lambar asusun bankin da kuɗin za su shiga, da sunan mai dukiya; la'ada nawa ce da ranar da ta wajaba; ko yana iya wakilta wani; da ranar da wakilcin zai ƙare. Jimla irin wannan ta isa ta toshe ƙofofi da yawa: "Na ba wane ikon sayar da gida mai lamba kaza a kan kuɗin da bai gaza naira miliyan 35 ba, lakadan, a biya ta asusuna mai lamba kaza. Ba shi da ikon karɓar kuɗi a hannu, ko jinginar da gidan, ko wakilta wani. Wannan iko ya ƙare ranar kaza."

Ka guji jimlar da masu buga takarda ke son liƙawa a ƙarshe, wai wakili na iya yin duk abin da mai dukiya zai iya yi. Kotu takan taƙaita irin wannan jimla ga aikin da aka ambata a sama, amma kafin ta taƙaita an ci shekaru ana shari'a. A Malikiyya ma an bambanta wakilin da aka sakar wa komai da wanda aka keɓe wa aiki ɗaya, kuma na biyun ya fi kwanciyar hankali ga kowa.

Farashin ƙarshe akwai dabara a kansa. In ka sa shi a takardar da mai saye zai karanta, ya san ƙasan cinikinka, ba zai taya sama da haka ba. In ka ɓoye shi a wata takarda tsakaninka da wakili, mai saye bai san iyakar ba, kuma in wakili ya sallama ƙasa da ita cinikin na iya hawa kanka. Mafita ita ce takardar da za a nuna ta ce ba a kammala ciniki sai da amincewar mai dukiya a rubuce kan farashi. Lambar ta zauna a ɓoye, iyakar ta fito fili.

Bayan rubutu, a sa hannu gaban shaidu biyu. Wanda ke ƙasar waje ya sa hannu gaban lauya mai hatimin notari, wato wanda aka ba ikon tabbatar da sa hannu, ko a ofishin jakadancin Najeriya, domin sashe na 150 na Dokar Shaida ta 2011 ya sa kotu ta ɗauki irin wannan takarda a matsayin sahihiya har sai an kawo hujjar akasin haka. In mai ba da wakilci ba ya karanta Turanci, wanda ya rubuta ya saka bayani a ƙasa cewa an karanta masa an fassara masa da Hausa kafin ya dangwala, da sunan marubucin da adireshinsa. Rashin wannan layi shi ne ƙofar "ban san abin da na dangwala ba". Daga nan a biya harajin tambari, a kai ta rajista ofishin ƙasa: KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. Takardar asali ta mallaka kuwa ta zauna wurin lauyanka ko a banki. Kwafi ya ishi wakili nuna wa masu saye.

Ikon da mutane ke gani

Nan ne asara ta fi faɗowa. Yaron shago ya shekara uku yana karɓar atamfa bashi daga wani dila, kai kuma kana biya duk ƙarshen wata ba tare da ka ce uffan ba. Ran nan ka kira shi ka ce daga yau kada ya karɓi kayan da suka wuce naira dubu 500. Dila bai ji ba. Yaro ya karɓi na miliyan 2 ya gudu da su. Bashin naka ne. Biyan da ka riƙa yi shi ne ya gaya wa dila yaron yana da iko, kuma ba ka janye maganar a wurin da ka yi ta ba.

Shari'ar Freeman & Lockyer da Buckhurst Park ta 1964 a Ingila, wadda kotunan Najeriya ke kafa hujja da ita, ta fayyace sharuɗɗan. Dole alamar ikon ta fito daga mai dukiya, da baki ko da aiki ko da matsayin da ya ɗora mutum a kai. Dole ɗaya ɓangaren ya dogara da ita ya shiga ciniki. Kuma bai san akwai iyaka ba. Sharaɗin farko shi ne garkuwar mai dukiya: wakili ba ya ƙirƙira wa kansa iko da bakinsa. "Alhaji ya ce in sayar" daga bakin yaro ba hujja ba ce a kan Alhaji. Amma in Alhaji ya ba shi littafin rasit mai sunan shago, da hatimi, da kujerar manaja, to Alhaji ya yi magana ko bai buɗe baki ba.

Har zamba tana hawa kan mai gida idan wakili ya yi ta a cikin irin aikin da aka ɗora shi a kai. A shari'ar Lloyd da Grace Smith ta 1912, magatakardan wani ofishin lauyoyi ya yaudari wata gwauruwa ta sa hannu ta mallaka masa gidajenta. Masu ofishin ba su sani ba, ba su ci ko sisi ba, amma su aka sa suka biya, domin su ne suka zaunar da shi yana karɓar masu zuwa da irin wannan buƙata.

Saboda haka duk iyakar da ka sa, ka aika wa waɗanda suka saba ciniki da wakilinka a rubuce. Ka buga a jikin rasit cewa kuɗin da ba a biya ta asusu kaza ba, ba a biya ba. Hatimi da takarda mai kan shago su zauna a kulle.

Idan kai ne mai saye

Ka nemi takardar wakilcin ka karanta da idonka, musamman ranar ƙarewa da batun karɓar kuɗi. Ka yi magana da mai dukiya kai tsaye, ta lambar da ka samo da kanka, ba wadda dillali ya danna ya miƙo maka ba. Ka je ofishin ƙasa a bincika fayil. Mai unguwa da maƙwabta su ma sukan san abin da fayil bai sani ba, kamar mutuwar mai gidan wata biyu da suka wuce. Kuɗi kuma su tafi asusun mai dukiya. In ka ba wakilin da ba shi da ikon karɓa ya cinye, a idon doka ba ka biya ba.

Akwai al'adar da ta yaɗu: a sayi fili, maimakon takardar mallaka sai a karɓi takardar wakilci "marar warwarewa", don gudun kuɗi da jinkirin amincewar gwamna. Kotun Ƙoli ta ce a shari'ar Ude da Nwara ta 1993 takardar wakilci ba ta mallakar da ƙasa, izini ne kawai na yin aiki da sunan wani, kuma mai dukiya na iya sayarwa da kansa muddin wakilin bai riga ya yi amfani da ikon ba. Wato mai riƙe da ita kaɗai, fili bai zama nasa ba tukuna. Sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ya wajabta amincewar gwamna, na 26 kuma ya rushe cinikin da aka yi ba tare da ita ba. Takardar wakilci ta zama rakiyar takardar ciniki da rasit, kada ta maye gurbinsu.

Abin da ke wuyan wakili

Wakili amini ne. Kaya in sun lalace a hannunsa ba da sakaci ko ƙetare umarni ba, ba ya biya. Gobara ta ci rumbun da aka saba ajiya, asarar mai kaya ce. Amma in an ce lakadan ya ba da bashi, ko an ce Dawanau ya kai wata kasuwa aka tare motar a hanya, ya zama mai lamuni.

Abin da aka fi yi, har wasu na ganin ba laifi ba ne, shi ne ɗori. Mai gida ya ce miliyan 35, dillali ya sami mai ba da 40, ya kawo 35 ya soke 5, sannan ya miƙo hannu a ba shi la'ada. Miliyan 5 ɗin na mai gida ne. In ta bayyana, zai mayar da su, la'adarsa na iya faɗuwa, kuma ana iya kai shi ƙara kan cin amana, laifin da sassa na 311 da 312 na tsohon kundin dokar laifuka na Arewa, wato Penal Code, suka yi bayaninsa. Hanyar da ta halatta ita ce a faɗa tun farko: "abin da ya hau 35 naka ne." Haka ma karɓar wani abu a ɓoye daga mai saye don a lallashi mai gida ya sauko. In kuwa ɓangarorin biyu sun san dillali na karɓar la'ada a kowane gefe, kamar yadda ake yi a kasuwanni da dama, babu ɓoyo, babu laifi.

Wakilin sayarwa ba ya saya wa kansa, ko ya sa matarsa ko yaronsa su saya masa, sai da sanin mai dukiya da yardarsa. Ba ya cakuɗa kuɗin amana da nasa. Ba ya miƙa aikin ga wani dillali sai an ba shi izini ko al'adar sana'ar ta san da haka. Malaman Malikiyya sun ƙara wani abu mai amfani: wakilin da aka aika ya biya bashi, ya biya ba shaida, mai bin bashi ya musa, wakilin ne zai biya. Yau shaidar ita ce rasit ko takardar tura kuɗi ta banki.

Sa hannu ma yana da ƙa'ida. Wakili ya rubuta "a madadin wane" kafin sunansa. In ya yi haka, cinikin tsakanin mai dukiya ne da mai saye, shi ya fita. In ya sa sunansa tsura bai ambaci kowa ba, mai saye na iya kama shi, kuma in daga baya ya gano akwai mai dukiya a baya, ya zaɓi wanda zai bi a cikin su biyun.

Shi ma wakili yana da haƙƙi: la'adarsa, da kuɗin da ya kashe a kan aikin kamar dako da ajiya da mota, kuma yana iya riƙe kayan da ke hannunsa har a biya shi. A cinikin gidaje an fi jin kashi 5 cikin 100 a sayarwa, kashi 10 a haya, amma al'ada ce, abin da aka rubuta shi ke aiki. Rigimar da aka saba ita ce dillalai biyar su taru kan gida ɗaya kowa ya ce shi ya kawo mai saye. Kotu na duba wanda aikinsa ne ya haifar da cinikin. Ka rage wa kanka wannan da rubuta cewa la'ada ta wajaba ranar da kuɗi suka shiga asusu, ga dillalin da ka wakilta shi kaɗai, shi ya san yadda zai yi da 'yan rakiyarsa.

In ya riga ya wuce iyaka

Kana da zaɓi biyu: ka amince ko ka ƙi. Hadisin Urwatul Bariƙi da Bukhari ya ruwaito shi ne asalin da malamai ke kawowa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba shi dinari ɗaya ya sayo akuya, ya sayo biyu, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya dawo da akuya da dinari, aka yi masa addu'ar albarka. A Malikiyya cinikin wanda ba a wakilta ba yana rataye ne a kan yardar mai dukiya. Dokar da aka gada daga Ingila ma haka ta ce, kuma amincewar tana komawa baya ta fara aiki daga ranar da aka yi cinikin.

Sharuɗɗanta: wakilin ya yi cinikin da sunanka ne ba da nasa ba, ka san duk abin da ya faru, kuma ka ɗauka gaba ɗaya. Ba ka karɓar ɓangaren riba ka ƙi na asara. A kula sosai, amincewa ba sai da baki ba. Ka karɓi kuɗin ka fara kashewa, ka amince. An sayar da kayanka kana zaune a wurin ka yi shiru, fiƙihu ya ɗauke shi yarda. Don haka ranar da ka ji labari, ka rubuta wa mai saye da wakili cewa ba ka yarda ba, kada ka taɓa kuɗin, in sun shigo asusunka ka mayar ta banki.

In ka ƙi, kuma babu alamar ikon da ta fito daga gare ka, mai saye wakilin zai bi. Duk wanda ya ce shi wakili ne ya lamunce wa mutane cewa ikon na nan, ko da shi kansa ya yi zaton yana da shi. An tsayar da wannan tun shari'ar Collen da Wright a 1857.

Sauke wakili

Wakilci na ƙarewa da gama aikin, ko cikar wa'adi, ko saukewa, ko mutuwar ɗayansu, ko taɓuwar hankali. Mutuwar mai dukiya na yanke iko ko da takarda na hannu, domin dukiyar ta koma ta magada, kuma wakilin da ya ji rasuwa ya ci gaba da sayarwa da wuyansa yake yi. Togaciyar ita ce takardar da aka ba da a kan kuɗin da aka karɓa kuma aka rubuta ba ta warwaruwa. Dokar Ingila ta miƙa mallakar ƙasa, wato Conveyancing Act ta 1882, wadda jihohin Arewa suka gada, ta kare mai saye a irin wannan, haka ma wadda aka ce ba ta warwaruwa na wani wa'adi da bai wuce shekara ɗaya ba. Kada ka sa hannu a mai wannan kalma don kawai ɗan'uwa zai karɓar maka haya.

Saukewa kuma ba a waya ake gama ta ba. Ka rubuta wa wakili, ya sa hannu ya karɓa. Wakilcin da aka yi da takarda mai hatimi, da irinta ake janye shi, a kuma kai ta ofishin ƙasar da aka yi rajistar ta farko. Ka karɓe takardar asali da littafin rasit da hatimi da makullai. Ka sanar da banki a cire sa hannunsa. Ka aika wa 'yan haya da diloli da shugabannin layin kasuwa ɗaya bayan ɗaya, in dukiyar babba ce a buga a jarida. Ɗan hayar da bai sami wannan saƙo ba, ya biya tsohon wakili kuɗin shekara kamar yadda ya saba, ya biya ke nan, kuma ba ka da abin da za ka bi shi.